Ba Mu Sha, Amma Ina Iyakar Hannunmu?

 

'Yan uwa, maganarmu ta wannan mako a kan giya take, kuma mun san wasu za su ce mene ne na kawo ta a takardar masallaci, tunda duk wanda ke karanta wannan ya san haramun ce. Haka ne, babu mai jayayya a kan sha. Amma mu da muke neman abinci a nan Kudu, giya ba a kofi kaɗai take iske mu ba. Tana iske mu a hirar maƙwabcin rumfa da ke gardamar wace kwalba ta fi ɗaci, ko bammin wane ƙauye ya fi zaƙi. Tana iske mu a bakin matar da ta zo auna dawa tana tambaya ko za ta tsira da kyau. Tana iske mai suya a gindin teburinsa, da mai kura a kan lodinsa. Kai, har a jarkar kunun da ta kwana a ɗaki tana iya iske mu. To mutumin da bai taɓa kai ta bakinsa ba, ina iyakar alhakinsa? Wannan ita ce tambayar.

Mu fara da sanin abin da muke magana a kai, domin hukunci ba ya sauka daidai a kan abin da ba a fahimta ba. Burukutu daga dawa ake yin ta, dawar nan dai da muke tuwo da ita. Ana jiƙa ta, a shanya a rufe har ta yi tsiro, a busar, a niƙa, a dama, a dafa, a bari ta yi tsami, a sake dafawa, sannan a zuba mata ɗan ragowar tsohuwa a bar ta kamar kwana biyu. Tsiron nan shi ke mayar da garin hatsi sukari, yis kuma ya ci sukarin ya fitar da iska da sinadarin maye. Kumfar da ake gani ke nan. Giyar kwalba ma hanyarta ke nan, sai dai ita da inji ake yi, a tace, a sa mata ganyen da ke ba ta ɗaci. Bammi kuwa ba ya buƙatar wuta. Ruwa ne mai zaƙi da ake tara daga bishiyar kwakwa, cikin 'yan sa'o'i ya fara juyawa da kansa. Idan aka turara shi aka tara tururin, shi ne ogogoro.

Kada wani ya ɗauka wannan sabon abu ne da malaman farko ba su sani ba. A cikin Sahihu Muslim akwai labarin mutumin da ya zo daga Yaman ya tambayi Annabi (SAW) game da wani abin sha da suke yi a ƙasarsu daga dawa, mai suna mizru. Annabi bai tambaye shi daga me ake yi ko yaya ɗanɗanonsa yake ba, ya tambaye shi ne ko yana sa maye. Da ya ce e, sai ya sanar da shi haramcin duk abin da ke sa maye. Ka ga ashe an yi tambaya a kan 'yar uwar burukutu tun a Madina. Ma'aunin ɗaya ne, gushewar hankali, kuma abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne.

Wani abin lura kuma, ayar da ta rufe ƙofar giya a Suratul Ma'ida, aya ta 90, umarni ta yi da a nisance ta, kuma nisanta ta fi barin sha faɗi. Hadisin da Tirmizi da Ibnu Majah suka ruwaito ya lissafa mutum goma da la'ana ta shafa saboda ita, kuma mashayi ɗaya ne kawai daga cikinsu. Sauran su ne mai matsawa da wanda aka matsa wa, mai ɗauka da wanda aka kai wa, mai shayarwa, mai sayarwa da mai cin kuɗin, mai saye da wanda aka saya wa. Tara daga cikin goma na iya rantsuwa cewa ba su kurɓa ba. Shi ya sa "ai ni ba na sha" ba ta isa amsa.

Kunne da baki

Mu ɗauki mafi sauƙi, wato hira. Kana rumfarka, maƙwabtanka sun ɓarke da gardamar Star da Gulder, wani yana cewa ta yanzu ba ta kai ta da ba, wani yana ba da labarin yadda kakarsa ke dafa tata a ƙauye. Shin dole ka rufe rumfa ka gudu? A'a. Abin da kunne ya ji ba da nema ba, babu laifi a kai, kuma kasuwa ta kowa ce. Hanin da ya zo a hadisi a kan zama ne a teburin da ake zagayawa da giya. Zama a kasuwar da ake zancenta wani abu ne daban.

Inda ake tsallake iyaka shi ne lokacin da bakinka ya shiga. Wani cikinmu, don a ce shi wayayye ne, sai ka ji yana taya su zaɓe, yana dariyar labarin wanda ya bugu ya kwana a kwata. Wani kuma a tambaye shi, "Malam, wace dawa ce ta fi ba da ƙarfi?" sai ya zage yana bayani kamar mai koyarwa. Wannan ya wuce ji, ya zama shawara, kuma mai nuna hanya yana da rabo a tafiyar. Ga kuma yaran shago suna saurare. Yaron da ya shekara uku yana jin maigidansa yana wasa da zancen giya, nauyinta zai ragu a zuciyarsa tun kafin ya ga kwalba. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Mafita ba ta da wuya. Ka ci gaba da aikinka, in an jefo maka magana ka ce da fara'a, "Wannan fagen ba nawa ba ne," ka kawo zancen farashi ko ƙwallo. Mafi yawan maƙwabtanmu sun san Malam ba ya sha, kuma suna girmama hakan fiye da yadda muke zato. Da yawa daga cikin Yarabawan da muke zaune da su ma Musulmi ne, a sahu ɗaya muke tsayawa, kuma cikin Kiristoci akwai masu yawa da ba sa kusantar ta.

Mudu da buhu

Nan ne maganar ke da nauyi, domin nan kuɗi yake. An fara fitar da giyar Star a Legas a 1949, Guinness kuma ta kafa masana'antarta a Ikeja a farkon shekarun 1960. A lokacin da tsiron sha'ir na ƙasar waje suke aiki. A 1988 gwamnati ta hana shigo da shi, sai kamfanonin suka koma ga dawa da masara. Tun daga nan dawar da ake nomawa a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa ta samu sabon mai saye mai babban aljihu. Tirelar da ta yi lodi a Dawanau ta nufo Kudu, wata Bodija za ta, wata Mile 12, wata kuwa ƙofar masana'anta. Kuma manomin da dillalin da direban, galibinsu namu ne.

Mai dawa yana da hujjarsa, kuma ya kamata a saurare ta. Zai ce dawa halal ce, abinci ce, ni hatsi na sayar. Abin da mai saye ya je ya yi da ita tsakaninsa da Ubangijinsa. In na ƙi, na kusa da ni zai sayar, tukunyar ba za ta fasa tafasa ba, ni kaɗai zan yi asara, ga iyali a nan ga iyaye a gida. Kuma ai Annabi (SAW) ya yi ciniki da waɗanda ba Musulmi ba, har ya bar duniya sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude a kan sha'ir ɗin da ya karɓa don iyalinsa.

Rabin maganar nan gaskiya ne. Ciniki da wanda ba Musulmi ba halal ne, kuma shari'a ba ta ɗora wa ɗan kasuwa aikin ɗan sanda ba. Ba a ce ka tsare duk mai sayen tiya biyu ka tambaye ta me za ta dafa ba. Mutane suna sayen dawa don koko, don kamu, don abincin jarirai, don kaji. Asalin mu'amala kyakkyawan zato ne, kuma yawan bincike yana ɓata kasuwa ya kuma ɓata zama.

Amma ɗaya rabin ba ya tsayawa. Malamai sun daɗe da tattauna wannan mas'ala da misalin mai sayar da inabi ga wanda ya san giya zai matsa. A mazhabarmu ta Malikiyya hakan bai halatta ba, haka ma a wurin Hanbalawa, saboda ƙa'idar toshe hanyar da ke kai wa ga ɓarna, da kuma aya ta 2 a Suratul Ma'ida da ta hana taimakon juna a kan saɓo. An ruwaito sassauci daga Imamu Abu Hanifa game da sayar da ruwan inabi, amma mafi yawan malamai a kan hani suke idan an sani. To ka ga abin da ke sauya hukunci shi ne sani. Buhu ɗaya, farashi ɗaya, amma ciniki biyu ne daban, domin a ɗaya ka san inda za shi, a ɗaya ba ka sani ba.

Saboda haka mai saye kala uku ne. Akwai wanda ba ka san komai a kansa ba, wannan ka auna masa da zuciya ɗaya. Akwai wadda ta faɗa maka da bakinta, ko ka san gidanta da sana'arta kamar yadda ka san sunanka, wannan babu sauran ruɗu. Sai na tsakiya, wanda alamu suka yi yawa: duk mako buhu uku na jar dawa, ana cizon ƙwaya ana tambaya ko sabuwa ce za ta tsira, ana kuma kaiwa layin da kowa ya san abin da ake yi. Rinjayen zato irin wannan malamai suna haɗa shi da sani. Kuma kowa ya san bambancin wanda bai sani ba da wanda ya kau da kai don kada ya sani.

Ita kuwa hujjar "in ban sayar ba wani zai sayar", mu gwada ta a wani wuri mu gani. Da wani zai zo sayen adda ka san ɗan uwansa zai sara, za ka ce ai akwai masu adda da yawa a kasuwa? Ba a tambayarka abin da tukunya ta yi, ana tambayarka abin da hannunka ya yi. Kowa da littafinsa.

Akwai wurin da ke da sarƙaƙiya na gaske, bai kamata mu ɓoye ba. Kamfanonin da ke yin giya su ne kuma ke yin Maltina da Malta Guinness da ake rabawa a bikin sunanmu. Akwai masu sarrafa tsiron dawa da ke sayar wa masu giya da masu kayan abinci duka. Dillalin da ke tara wa irin waɗannan kaya ba kullum yake iya sanin ina buhunsa zai ƙare ba. A nan ba za mu yanke wa kowa hukunci a takarda ba. Wanda takardar cinikinsa ta nuna ƙarara kayan giya ne, ya san matsayinsa. Wanda nasa ke gauraye, ya ɗauki bayanin cinikinsa dalla-dalla ya kai wa malami, ba tare da ya rage abin da ba ya so a ji ba. Wanda kuma ya bar shubuha alhali yana da wata kasuwar, ya tsare addininsa da mutuncinsa.

Mai suya da mai kura

Attajirin hatsi yana da zaɓi. Wanda abin ya fi matsa wa shi ne ƙaramin mai nema. Kowa ya san inda suya ta fi tafiya a garuruwan nan, bakin mashaya ne da dare. Nama halal ne, yankan halal ne, sayar wa mashayi abinci ma ba haramun ba ne. Amma mai mashayar da ya ba ka wuri kyauta a ƙofarsa ba don Allah ya ba ka ba, ya san yaji yana kiran kwalba ta biyu. Akwai bambanci tsakanin mai tebur a bakin titi da kowa ke tsayawa, da wanda ya zama wani ɓangare na gidan, yana kai tsire tebur-tebur, yana kwana cikin kiɗa da maye har asuba ta wuce shi. Na biyun nan ya fara neman wani wuri, ko da ciniki zai ragu na ɗan lokaci. Shi kuwa mai kura ko mai Keke da aka ce ya ɗauki akwatunan giya, hadisin mutum goma ya ambaci mai ɗauka da sunansa.

Sai dai faɗa wa talaka ya ƙi lodi abu ne mai sauƙi ga wanda ya ci ya ƙoshi. Idan mun ce yaron nan ya bar ɗaukar kwalabe, to alhazan da ke sauke tirela duk mako su san da shi a wurin rabon dako. Idan mun ce mai suya ya tashi daga ƙofar mashaya, shugabannin kasuwa da na unguwa su taimaka ya samu wuri kusa da tasha ko masallaci, mu kuma mu riƙa saye a wurinsa. Wa'azin da ba a haɗa shi da mafita ba, a bakin ƙofar masallaci yake tsayawa. Wannan nauyin a kan jama'a yake gaba ɗaya.

Jarkar cikin gida

Iyayenmu mata da ke sana'ar kunun zaki da kunun aya da zoɓo, wannan sashen naku ne. Abin da ke juya burukutu yana nan a iska, bai san gidan Malam da gidan wani ba. Duk ruwan da ke da sukari, in ya daɗe a zafi, zai fara aiki. Amma kada a shiga waswasi, tsami daban, maye daban. Nono yana da tsami, kamu yana da tsami, fura ma tana yi, kuma ko ka sha ƙwarya guda ba za ka bugu ba. Ruwan tsami na khallu ma, wanda ya juye da kansa, halal ne.

A gidan Annabi (SAW) ana jiƙa dabino ko zabibi a ruwa a sha, ana kiran sa nabizu. Nana A'isha ta ba da labarin cewa na safe da yamma ake shan sa, na yamma kuma da safe. Ibnu Abbas ya ruwaito cewa ba a bari ya wuce yammacin kwana na uku. Risala ta Ibnu Abi Zaid da muka karanta a zaure ma ta kawo hanin jiƙa irin wannan a cikin duma, kuma malamai sun bayyana cewa dalilin shi ne saurin juyawa a irin wannan mazubi. Kwana ukun nan ba izini ba ne a kowane yanayi. A zafin nan namu, ga rashin wuta, kunun aya na iya lalacewa a yini ɗaya. Idan roba ta kumbura, an buɗe ta yi tsaki, kumfa na tasowa da kanta, wari ya zama mai hawa kai, a zubar. Kada a ƙara sukari da ƙanƙara a tura yara talla da shi. Asarar jarka ɗaya ta fi sauƙi a kan sayar wa mai azumi abin da ke cikin shakka. A dama daidai abin da zai ƙare, a wanke robobi da ruwan zafi, domin ragowar jiya ita ke tayar da na yau.

Harshenmu a kan mashayi

Saura haɗari ɗaya da ya fi kama masu ibada, shi ne raini. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Burukutu ba daga Kudu ta samo asali ba, a Arewa ake dafa ta. Ledojin barasa da NAFDAC ta sanar da hana su a farkon 2024, a tashoshin mota ake sayar da su, kuma cikin masu saye akwai masu amsa sunayenmu. Maganin tari mai kodin da gwamnati ta hana a 2018, a garuruwanmu ya fi yin ɓarna. A 2015 kuma, ogogoro mai guba ya kashe mutane da dama a Ode-Irele ta jihar Ondo da kuma jihar Ribas, galibinsu talakawa masu neman na yau. Wannan abin tausayi ne ga duk mai zuciya.

Buhari ya ruwaito labarin wani sahabi da aka sha kawowa ana yi masa haddi saboda sha. Da wani ya la'ance shi, Annabi (SAW) ya hana, ya kuma shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa. In haka aka yi da wanda ya san hukunci, yaya maƙwabcin da ya tashi ya tarar ana zuba bammi a bikin gidansu? Haramcin kansa a Madina mataki-mataki ya sauka, daga Baƙara aya ta 219, zuwa Nisa'i aya ta 43, kafin Ma'ida ta rufe. Mu kuma baƙi ne a nan, ba mu da hukuma a kan kowa sai kanmu da iyalanmu. Wanda ya ga abin da ya faru a Sasa ta Ibadan a Fabrairun 2021 ya san yadda 'yar ƙaramar sa'insa ke cinye kasuwa da rayuka. Idan za ka ƙi ciniki, ka ƙi da ladabi: "Mama, yi haƙuri, addinina bai ba ni damar sayar da ita don wannan aikin ba, amma in wake ko shinkafa kike so, ga su." Ba zagi, ba tofar da yawu. Gobe in ɗanta ba shi da lafiya, ka je ka gaishe shi.

Kafin Juma'a mai zuwa, kowa ya zauna da littafin cinikinsa ya duba sunayen masu saye na kullum. Wanda ya samu sunan da zuciyarsa ta daɗe tana kau da kai a kansa, ya san abin yi. Wanda kuma Allah Ya hore wa, ya nemi mutum ɗaya cikin masu ƙaramin ƙarfi ya buɗe masa ƙofar halal.

Allah Ya tsarkake mana dukiyarmu, Ya sa albarka a cikin kaɗan da mai yawa, Ya shiryi 'ya'yanmu, Ya yaye wa waɗanda aka jarraba, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.